'Yan Damben Boksin Ajin Masu Nauyi da Ba Su Taɓa Samun Damar Neman Kambun Duniya Ba

A damben boksin akwai wani rukuni na mazaje da suka kai ƙololuwa a ajin masu nauyi, suka doke manya, jaridu suka sa su a sahun gaba, amma har suka ajiye safar hannu ba a taɓa sa musu ranar karawa da mai riƙe da kambun duniya ba. Ajin masu nauyi shi ne na ƙarshe a sama, yau a hukumomi da dama yana farawa ne daga sama da fam 200, kusan kilo 91 kenan, a da kuwa wanda ya haura fam 175 ma ya shiga.

Masu musun dambe a majalisun Tudun Wada ko teburin mai shayi a Kawo sukan ɗauka duk wanda ya fi kowa ƙarfi dole a haɗa shi da zakara. A gidan damben gargajiya kusan haka ne, in makaɗi ya wasa ka, wani ya fito ya miƙo hannu, jama'a na kallo, da wuya ka noƙe ba a yi da kai ba. Boksin ba haka yake ba sam. Kambu kamar kadara ce a hannun zakara da manajansa da mai shirya wasa, su ke zaɓar wanda za a yi da shi, a ina, kuma nawa za a biya. To in kana da haɗari sosai kuma sunanka ba ya cika fili da 'yan kallo, sai ka tsufa kana jira.

Zamanin wariyar launin fata

Mafi yawan waɗanda aka fi zalunta baƙar fata ne, kuma ba a ɓoye aka yi ba. John L. Sullivan, zakaran farko da Amurka ta yi ji da shi, a fili ya ce ba zai kara da baƙi ba. Wanda abin ya faɗa wa shi ne Peter Jackson, haifaffen tsibirin St. Croix a 1861, wanda ya koma Ostireliya ya ci kambun ƙasar a 1886. A watan Mayun 1891 Jackson ya kara da James J. Corbett a San Francisco, aka yi turmi 61 babu wanda ya kayar da wani, aka tashi haka. Shekara na zagayowa Corbett ɗin nan ya samu Sullivan ya doke shi ya zama zakara, shi ma kuma bai sake shiga fili da Jackson ba. Jackson ya mutu da tarin fuka a Queensland a 1901.

Sai ga abin mamaki. A ranar 26 ga Disamba 1908 Jack Johnson ya doke Tommy Burns a Sydney ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe kambun, mutum zai ce to yanzu ƙofa ta buɗe wa 'yan uwansa, ina, ai sai ya ja ta ya rufe. Hujjarsa kuɗi ce, wai Turawa ba za su biya su kalli baƙi biyu suna dambe ba, kuma shi dala 30,000 yake nema irin wadda aka ba Burns. Duk tsawon riƙonsa sau ɗaya ya kare kambun da baƙar fata, Battling Jim Johnson a Faris a 1913, wanda ko kusa ba shi ne gwanin lokacin ba. Gwanayen uku ne: Sam Langford, Joe Jeanette da Sam McVey. Da aka hana su babban kambu sai suka koma dukan junansu, suna zagaya Amurka da Faransa da Ostireliya a kan wani kambu da aka ware wa baƙaƙe kawai. Damben Jeanette da McVey a Faris a watan Afrilun 1909 har yau ana labarinsa, babu iyakar turmi, sai wanda ya gaza, aka kai turmi 49 kafin McVey ya kasa ci gaba.

Sam Langford

In za a ware mutum ɗaya a ce shi ne sarkin wannan rukuni to Langford ne, kuma a ganina babu ma abin musu. Ɗan Nova Scotia ne a Kanada, ya tafi Boston tun yana yaro. Gajere ne, ƙafa 5 da inci 7 ko ƙasa da haka kaɗan, sai dai faɗin kafaɗa da dogon hannu. Daga ƙananan aji ya faro: a 1903 ya doke Joe Gans zakaran marasa nauyi a wasan da ba na kambu ba, a 1904 ya yi kunnen doki da Barbados Joe Walcott, a 1910 ya yi turmi shida da Stanley Ketchel, a 1911 ya sumar da Philadelphia Jack O'Brien. Duk waɗannan zakarun duniya ne a ajinsu.

Sun haɗu da Jack Johnson sau ɗaya, a Afrilun 1906 a Chelsea ta jihar Massachusetts, tun Johnson bai zama zakara ba. Langford na da kamar kilo 71, Johnson kusan 84, kuma gaskiya Johnson ya lallasa shi a turmi 15 ɗin, wannan ba a ja. Amma bayan nan Langford ya cika ya ƙara nauyi ya shiga kwantar da ƙatti, shi kuwa Johnson bai ƙara yarda ba. An ma yi maganar za su kara a National Sporting Club na Landan a 1909, Johnson ya zame, sai aka kawo wa Langford zakaran Ingila Iron Hague, ya gama da shi a turmi na huɗu.

Ya yi dambe kusan 300. Idonsa na hagu ya lalace tun karawarsa da Fred Fulton a 1917, ɗayan ma ya yi ta dushewa, amma bai daina ba saboda babu wata sana'ar, da rabin gani ya sumar da Tiger Flowers a 1922, wanda daga baya ya zama zakaran duniya a ajin matsakaita, ya kuma ci kambun Meziko a 1923. Ya ajiye a 1926. A 1944 wani ɗan jarida Al Laney na New York Herald Tribune ya bi sawunsa ya same shi a wani ɗaki a Harlem, makaho, ba ko sisi, ya rubuta labarinsa aka haɗa masa gudummawa. Ya mutu a 1956. Jack Dempsey da kansa ya amsa cewa lokacin yana tasowa an yi masa tayin Langford ya ƙi.

Harry Wills

Langford ya fi iya dambe, amma wanda aka fi yi wa fashi da rana tsaka Harry Wills ne, ɗan New Orleans, haihuwar 1889, dogo ƙaƙƙarfa. Shi da Langford sun kara aƙalla sau 17, Langford ya sumar da shi sau biyu, a 1914 da 1916, daga baya kuma Wills ya riƙa rinjaye. Dempsey ya karɓi kambu a 1919 ya riƙe har 1926, kuma kusan duk shekarun nan Wills ne na ɗaya a layi. A 1924 ya fi ƙarfin Luis Firpo na Ajantina, mutumin da shekara ɗaya kafin nan ya wurgo Dempsey waje ta tsakanin igiyoyi.

Me ya hana? Babban mai shirya wasa na lokacin Tex Rickard ne, shi ya shirya damben Johnson da Jim Jeffries a Reno ranar 4 ga Yuli 1910, bayan Johnson ya ci rikicin launin fata ya ɓarke a garuruwa da dama aka kashe mutane, galibi baƙaƙe. Tun daga nan Rickard ba ya son sake haɗa baƙi da fari a kan wannan kambu, ga kuma 'yan siyasa da ke matsa lamba ta bayan fage. A 1925 har an sa hannu a kwantiragi da wani mai shirya wasa Floyd Fitzsimmons, Wills ya karɓi dala 50,000, cakin Dempsey kuwa aka kai banki babu kuɗi, magana ta watse. Hukumar wasanni ta jihar New York ta tsaya wa Wills, ta hana Dempsey lasisi, sai kawai aka kwashi damben Dempsey da Gene Tunney aka kai Philadelphia a Satumbar 1926. Wata ɗaya bayan nan Wills, yana da shekara 37, ya sha kashi a hannun Jack Sharkey, shi kenan masu gudunsa suka samu abin faɗa.

Shi dai bai ƙare a wulaƙance ba, ya zuba kuɗinsa a gidajen haya a Harlem ya zauna lafiya har 1958. An kuma san shi da wata al'ada ta ƙaurace wa abinci kusan wata guda duk shekara, sai ruwa kawai, ba don addini ba, wai don lafiyar jiki.

Akwai kuma Larry Gains ɗan Toronto, wanda ya sumar da Max Schmeling a 1925 ya kuma doke Primo Carnera a Landan a 1932, dukansu biyu sun riƙe kambun duniya, shi ko oho. Daga 1915 da Jess Willard ya karɓe kambu hannun Johnson a Havana har 1937 da Joe Louis ya doke James Braddock, shekara 22, babu baƙar fata ko ɗaya da aka bari ya nemi wannan kambu.

Bayan Joe Louis

Da wariya ta sassauta sai dalilin ya koma lissafin kasuwa da rashin sa'a. Elmer Ray ya doke Jersey Joe Walcott a 1946 da Ezzard Charles a 1947, duka biyun suka rama, duka biyun suka zama zakaru. Nino Valdes ɗan Kuba ya doke Charles a 1953 ya hau saman layi, mutanen zakaran lokacin Rocky Marciano suka tsallake shi suka ɗauko Don Cockell na Ingila a Mayun 1955, a watan ne kuma Archie Moore ya doke Valdes a Las Vegas ya ƙwace gurbin. Valdes ya huce a kan Cockell ɗin, ya tsayar da shi a turmi na uku a wannan shekarar, amma jirgi ya riga ya wuce.

Zamanin Floyd Patterson ne abin ya zama abin dariya. Manajansa Cus D'Amato ya yi ta kauce wa masu haɗari, a 1957 aka ba Pete Rademacher, mai zinaren Olamfik na 1956, damar neman kambun duniya a dambensa na farko a matsayin ƙwararre, na farko fa, alhali wasu sun shekara goma suna zubar da jini. Rademacher ya ma kai Patterson ƙasa a turmi na biyu kafin a gama da shi a na shida. Eddie Machen da Zora Folley da Cleveland Williams da aka yi ta ja wa rai a lokacin ba sa cikin wannan rukuni, don daga baya sun samu, sai dai ƙarfinsu ya riga ya fara tafiya.

Wasu kuma jiki ne ya ci amanarsu. Leotis Martin ya shimfiɗe Sonny Liston a Disambar 1969, a wannan damben ne tantanin idonsa ya ɓalle, bai sake dambe ba. Gary Mason na Ingila sau ɗaya aka taɓa doke shi, Lennox Lewis a 1991, shi ma ido ne matsalarsa. Joe Mesi na Buffalo yana dab da samu aka gano jini ya taru a kansa bayan karawarsa da Vassiliy Jirov a 2004, Nevada ta dakatar da shi, ya ƙare da nasara 36 babu faɗuwa ko ɗaya babu kuma kambu. Masu sa Teofilo Stevenson na Kuba a nan sun yi kuskure, shi bai shiga damben kuɗi ba ko kaɗan, zinarensa uku na Olamfik ne, 1972, 1976 da 1980.

Ike Ibeabuchi

Na gida kenan, kuma sunan da matasan Kaduna masu bin tsofaffin dambe a YouTube suka fi sani. Haihuwar 1973 ne daga kudu maso gabashin Najeriya, ya koma Dallas a 1993, ana masa laƙabi da shugaban ƙasa. A Yunin 1997 a Sacramento ya kara da David Tua wanda ba a taɓa dokewa ba, turmi 12 babu ja da baya, na'ura ta ƙirga naushi 1,730 tsakaninsu, 975 na Ike ne, abin da ba a saba gani ba a ajin ƙatti. Ike ya ci da maki. A Maris 1999 ya tsayar da Chris Byrd a turmi na biyar, mutumin da kowa ke kukan ba a iya samunsa da naushi. A lokacin yana da nasara 20 a dambe 20, 15 da kisa.

Amma shi ba a sa shi layi ɗaya da su Wills, domin babu wanda ya rufe masa ƙofa. Tun bayan damben Tua ake ganin alamun rashin natsuwa tare da shi, a Yulin 1999 aka kama shi a Las Vegas kan cin zarafin wata mata, kotu ta ɗaure shi, ya shafe shekaru masu yawa a tsare. Ga shi lokacin hukumomi huɗu ne ke raba bel, WBA, WBC, IBF da WBO, dama ta ninka ta zamanin Langford sau huɗu. Tua da Ike ya doke ya samu karawa da Lennox Lewis a Nuwamban 2000, Byrd ya ci bel ɗin WBO a 2000 da na IBF a 2002, kambun da ake sa ran Ike zai fara kawo wa Najeriya kuwa sai a 2008 Samuel Peter ya ɗauko na WBC a hannun Oleg Maskaev a Cancun.