Kafin ka bar nama, ƙwai da madara

Masu son komawa cin abincin tsirrai zalla, wato su bar nama, kifi, ƙwai, madara har da zuma, kowa da dalilinsa. Wani tausayin dabbobi ne ya kawo shi, kamar waɗanda suka kafa ƙungiyar Vegan Society a Ingila a 1944. Wani lafiyarsa yake ji, musamman tun da sashen binciken cutar daji na Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ya ce a 2015 naman da aka sarrafa, irin su sosej, yana jawo kansar hanji. Akwai kuma masu duba muhalli, domin rahoton Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) na 2013 ya ce kiwo na fitar da kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da ɗan Adam ke ɗumama duniya da ita.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce: "To ina zan samu ƙarfi?" Wannan mai sauƙi ce. Wake, waken soya da gyaɗa, idan aka haɗa su da hatsi, suna ba jiki furotin isasshe. Sinadarin ƙarfe ma yana cikin wake da ganye, sai dai jiki ba ya zuƙarsa da sauƙi kamar na nama. A ci da lemon zaƙi ko tumatir, a kuma jinkirta shan shayi bayan abinci, don shayi na tare shi.

Wasu kan sare saboda iyali, kullum ana tambayarsu me ya same su. Wannan da haƙuri yake wucewa.

Abin da ya fi damuna shi ne bitamin B12. Babu tsiron da za a dogara da shi a same shi. Hanta tana ajiye shi na tsawon shekaru, shi ya sa mutum zai daɗe yana jin garau, sai daga baya kasala ta fara, jini ya ragu, tafin hannu da ƙafa su riƙa yin kamar ana tsira allura. Idan aka yi sakaci, lahanin jijiya kan zauna. Mai ciki da mai shayarwa su ne a gaba wajen haɗari, domin jariri daga jikin uwa yake samu, kuma ƙwaƙwalwarsa na buƙatarsa.

Don haka duk wanda ya yanke shawarar barin abincin dabba gaba ɗaya, ya fara shan ƙwayar B12 tun daga ranar farko, ko ya riƙa cin abincin da aka ƙara masa shi, kuma ya sanar da likitansa don a riƙa duba jininsa.