Sayen sabuwar mota da katin bashi bai fi rancen mota sauƙi ba

An daɗe ana cewa wai in za ka sayi sabuwar mota, gara ka goga katin bashi (katin da kake sayayya da shi da kuɗin banki, ka biya daga baya) da ka ci rance a banki, tunda kati na ba da tukuicin kashi 1 ko 2 cikin ɗari na abin da ka kashe. Lissafin dokin rano ne.

Shi rancen mota, motar ce jingina. In ka gaza biya, banki zai ƙwace ta ya sayar, shi ya sa yake sassauta kuɗin ruwa. Katin bashi kuwa ba shi da jingina, don haka ruwansa yakan ninka na rancen mota, wani lokaci fiye da haka. Kuma kullum ake lissafa shi a kan abin da ya rage, ruwa na hawa kan ruwa. Wata ɗaya ko biyu sun isa su cinye tukuicin nan kaf. Mai biyan mafi ƙarancin abin da aka yanka masa duk wata kuwa, sai motar ta tsufa bashin na nan.

Dillalan ma ba sa so. Ana cire musu wajen kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari a kowane ciniki na kati, saboda haka da yawansu kuɗin kafin alƙalami kawai suke karɓa da shi, ko su ɗora maka cajin.

Kati yana da rana ga mai kuɗinsa a ajiye, wanda zai biya duka kafin wa'adin wata ya cika.