Me ake nufi da asid rifulos, kuma ina ruwansa da tari?

Wata gwaggota a Gusau ta kusa wata biyar tana tari, busasshe ba majina, da dare ya fi tsanani, wani lokaci har ka ji ƙirjinta na fito kamar ana busa sarewa. An sha maganin tari na kemis har kwalabe sun cika taga, wannan ya ce sanyi ne wancan ya ce ƙurar hunturu, maƙwabciya ma cewa ta yi asma ce a sayo inhela. Ashe daga ciki abin ke tasowa.

Shi asid rifulos ɗin nan ba baƙo ba ne, ƙwannafi ne da muka sani, in ya zama na yau da gobe sai likitoci su ce GERD. Inda bututun abinci ya haɗu da tumbi akwai wata tsoka kamar bakin jaka mai zariya, abinci na wucewa sai ta tsuke. In ta saki, ruwan tsamin da ke narka abinci sai ya yo sama. Kuma ba olsa ba ce fa, don mu komai ya taɓa ƙirji olsa muke ce masa, ita olsa gyambo ne.

To tarin fa? Ruwan nan in ya hau har maƙogwaro ɗan kaɗan na iya zarcewa hanyar iska, ko kuma ya tsaya a bututun ya tsokani jijiyar da ta haɗa shi da huhu, sai hanyar numfashi ta matse, ga tari ga fito. Abin da ke ruɗa mutane shi ne wasu sam ba sa jin ƙunar ƙirjin, sai dai yawan gyaran murya, dashewar murya da safe, ɗaci a baki, da jin kamar wani abu ya tokare a wuya. Lura da lokacin da yake tashi. An ci tuwon shinkafa da man shanu da yaji an bi da shayi an miƙe a katifa, ko an yi sahur an koma barci nan take? Goro, sigari, lemun kwalba, teɓa da juna biyu duk suna ƙara shi.

Amma kar wani ya ji haka ya ruga ya sayi omeprazole, maganin rage ruwan tsamin tumbi. Tarin da ya kai sati 2 a fara gwajin tarin fuka, kyauta ake yi a asibitocin gwamnati, balle in akwai rama ko zufar dare ko jini. Mai shan lisinopril na hawan jini shi ma ya faɗa wa likita, yana sa busasshen tari. Kuma mutum na iya haɗa asma da rifulos.

Ita gwaggo gwajinta ya fito lafiya lau, aka ba ta magani, aka ce ta bar awa 3 tsakanin cin abinci da kwanciya, a kuma ɗaga gadonta ta wajen kai da bulo, tara filo ba ya yi. Sai da aka yi makonni kafin tarin ya lafa. Goron ne dai har yau ake fama da ita.