Dokar shekara 100 a kan takardun ƙidaya a Ingila: me mai neman asalin kakanninsa zai iya gani?

Duk mai bin salsalar danginsa a Ingila da Wales sai ya ci karo da ƙa'idar shekara 100. Takardar da magidanci ya cike lokacin ƙidayar jama'a, mai ɗauke da sunayen mutanen gidansa da shekarunsu da sana'o'insu, ba a buɗe ta sai ta cika shekara 100. Gwamnati ce ke yi wa mutane alkawarin rufe sirrinsu don su faɗi gaskiya, kuma Dokar Ƙidaya ta 1920, da gyaran da aka yi mata a 1991, ta mayar da fallasa bayanan laifi. Ko kai jika ne ko tattaɓa-kunne, dangantaka ba ta ba ka wani hurumi a nan.

Tun 1801 ake ƙidaya duk bayan shekara goma, amma sai a 1841 aka fara rubuta sunan kowa. Daga ta 1841 zuwa ta 1921 duk a buɗe suke, a hannun Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kew a Landan. A yi hattara da ta 1841: an umarci masu ƙidaya su rage shekarun wanda ya haura 15 zuwa biyar-biyar, don haka mai 29 zai fito da 25. Ta 1921 kuwa, wadda aka saki a Janairun 2022 ta shafin intanet na binciken asali mai suna Findmypast, yajin aiki ya sa aka ɗage ta daga Afrilu zuwa 19 ga Yuni, shi ya sa ake tsintar wasu iyalai a garuruwan shaƙatawa na bakin teku maimakon gidajensu.

Daga nan sai babban giɓi. Takardun 1931 sun ƙone ƙurmus a gobarar wani rumbun ajiya a Hayes, yammacin Landan, a Disambar 1942, a 1941 kuma Yaƙin Duniya na Biyu ya hana ƙidaya. Ta 1951 ba za ta fito ba sai 2052.

Abin da ke rage wannan asara shi ne Rajistar 1939, wadda aka ɗauka ranar 29 ga Satumba don bayar da katin shaida da rabon abinci. Ba ƙidaya ba ce a idon doka, saboda haka rufewarta mutum-mutum ce: wanda haihuwarsa ba ta kai shekara 100 ba, an shafe layinsa da baƙi, sai an tabbatar ya rasu. Mai son a buɗe sai ya gabatar da takardar shaidar mutuwa. A ganina ta fi ƙidaya amfani ta wani ɓangaren, domin tana ba da cikakkiyar ranar haihuwa, kuma hukumar lafiya ta ci gaba da gyara ta har 1991, ana ƙara sunan da mace ta koma amsawa bayan aure. Sojojin da ke bakin aiki ba sa ciki.

Takardun haihuwa da aure da mutuwa ba su shiga wannan kulle ba. Tun 1 ga Yulin 1837 gwamnati ke rajistarsu, kuma kowa na iya biyan kuɗi ya nemi kwafi daga GRO, wato babban ofishin rajista na gwamnati. A fara duba fihirisa a samo shekara, da zangon wata uku, da gunduma, da lambar kundi da shafi. Inda ake yawan ɓata shi ne zangon na ranar rajista ne: iyaye suna da kwana 42, don haka ɗan Disamba kan faɗo a zangon farko na sabuwar shekara. Kafin 1875 ba a ɗora wa iyaye tilascin yin rajista ba, wasu yaran babu su sam. Irin waɗannan sai a koma kundin baftisma na coci, wanda aka wajabta tun 1538, mafi yawansu yanzu suna ofisoshin ajiyar takardu na gundumomi.

Dokar kare bayanan mutane ta 2018 masu rai kawai ta shafa. Labarin kakan da ya rasu ana iya rubuta shi, amma kafin a ɗora ranar haihuwa ko adireshi ko muryar wani dattijo mai rai a intanet, a nemi izininsa a rubuce.