Sauya folda a rubutun shel

Sauya folda a rubutun shel shi ne matsar da aiki daga wata folda zuwa wata da umarnin cd, a tsarin Unix da danginsa irin su Linux. Shel manhaja ce da ke karɓar umarni ta gudanar da su, rubutun shel kuma jerin umarnai ne da aka adana a fayil. Babban haɗarinsa shi ne, idan cd ya gaza shel ba ya tsayawa. Layi na gaba zai gudana a foldar da ake ciki tun farko, in kuwa layin na goge fayiloli ne, sai ɓarna ta faɗa inda ba a nufa ba.

Tarihi

A farkon Unix sunan umarnin chdir ne, kuma manhaja ce mai zaman kanta. Dennis Ritchie, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Unix, ya ba da labarin cewa da aka shigo da fork, wato hanyar da aiki ke haifar da kwafin kansa, wajajen 1970, sai chdir ya daina aiki. Dalili kuwa, kowane umarni ya koma gudana a matsayin ɗan aiki na daban: ya sauya tasa foldar, ya ƙare, shel ɗin da ya kira shi yana nan inda yake. Shi ya sa aka dasa umarnin a cikin shel kansa, kuma har yau rubutun da aka gudanar ba ya iya sauya foldar wanda ya kira shi. Shel ɗin Stephen Bourne, da ya fito tare da Unix bugu na 7 a 1979, da gajeren suna cd ya zo. Umarnan pushd da popd, masu sauya folda suna tuna wadda aka baro, kuma daga C shell, wani shel na jami'ar Berkeley, suka samo asali.

A Janairun 2015 an gano kuskure a rubutun Steam, manhajar wasannin kwamfuta, na Linux. Sunan foldar da ya dogara da nasarar cd ya zama fanko, sai umarnin gogewa rm -rf ya kama goge fayilolin mai kwamfuta tun daga tushe.

Kariya

Hanyar da ta fi inganci ita ce cd "$folda" || exit 1, wato rubutun ya tsaya idan cd ya gaza, wadda ShellCheck, manhajar duba kurakuran rubutun shel, ke tunatarwa a kanta da lambar SC2164. Alamun zancen wajibi ne: idan babu su kuma sunan fanko ne, cd zai tafi foldar gida ba tare da ƙorafi ba. Sanya aikin cikin baka, (cd "$folda" && umarni), yana killace sauyin, ba sai an dawo ba. CDPATH, jerin wuraren da cd ke neman folda a cikinsu, na iya kai rubutu wata folda daban, saboda haka akan cire shi.

Akwai saɓani kan set -e, umarnin da ke sa rubutu ya tsaya idan wani umarni ya gaza: wasu na dogara da shi, wasu na ganin keɓe-keɓensa sun yi yawa.