Ƙera kayan wasanni da zaren kabon a gida

Zaren kabon wani baƙin zare ne siriri ƙwarai, kaurinsa maikiromita 5 zuwa 10 (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), wato silin gashin mutum ya ninka shi kauri sau da yawa. Ana saƙa shi ya zama ƙyalle, a jiƙa da ruwan ifoksi (wani irin gam mai ƙarfi), idan ya daskare sai ya zama abu mai tauri marar nauyi. Santimita ɗaya ta kowace fuska tana da nauyin giram 1.6 ko kusa da haka, alhali alminiyom 2.7 ne, ƙarfe kuwa 7.8.

Asali

Roger Bacon ya samar da zaren kabon mai ƙarfi a Amurka a 1958. Akio Shindo na Osaka a Jafan ya gano yadda ake yin sa daga zaren roba da ake kira PAN, wanda har yau shi ne tushen mafi yawan abin da ke kasuwa, sannan masu bincike a Farnborough ta Ingila suka inganta hanyar a 1963. Wasanni sun karɓe shi da wuri: motar tsere ta McLaren ta 1981 da shi aka yi gangar jikinta. Zaren kansa ba a yin sa a gida, domin sai an gasa shi a zafin da ya haura digiri 1,000 inda babu iskar oksijin. Abin da mai ƙira a gida yake yi shi ne sayen ƙyallen ya ba shi siffa.

Yadda ake aikin

Ƙyallen da aka fi farawa da shi shi ne mai lamba 3K, ma'ana sili 3,000 a kowane ɗauri, nauyinsa giram 200 a murabba'in mita. Ana fara yin mazubi da katako ko farin simintin nan na silin, a goge shi da samfefa, a shafa masa kakin hana mannewa. Sai a shimfiɗa ƙyallen falle-falle, ana ɗiga ifoksi da buroshi.

A nan gwaninta take. Zaren yana da ƙarfi ne kawai ta inda ya miƙe, don haka ake karkata kowane falle, wani a tsaye, wani a kwance, wani a gicciye. Ifoksi kuma ruwa biyu ne, babban ruwan da na daskarwa, kuma dole a auna su a sikeli daidai da abin da kamfani ya rubuta. Wanda ya saba da faiba, wato zaren gilashi, irin na masu gyaran bambar mota a Sabon Garin Zariya, yakan ɗauka cewa ƙara ruwan daskarwa yana sa aiki ya yi sauri. A ifoksi ba haka ba ne: idan awon ya kauce, kayan zai fito da danƙo ko laushi, kuma babu gyara. Yawan ruwan ma illa ne, nauyi yake ƙarawa ba ƙarfi ba. Shi ya sa ake sa aikin cikin leda a zuƙe iskar ciki, ledar ta matse fallayen, rarar ifoksi ta tsotsu cikin auduga. Masu ƙaramin ƙarfi sukan yi famfon zuƙar da kwamfaresar tsohon firji, sai dai tana buƙatar wuta ba yankewa har ruwan ya kama.

Akwai ƙyallen da ya zo a jiƙe tun daga kamfani, amma ajiyarsa sai firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, gasa shi kuma sai murhu na musamman. Bai dace da gidan da wuta ke zuwa tana tafiya ba.

Yanayin Zariya

A Maris da Afrilu zafi yakan sa ifoksi ya kama cikin kofi kafin a gama shafawa, har ya ɗau zafi ya narkar da roba, don haka ake dama shi kaɗan-kaɗan da sanyin asuba. Da hunturu ƙura ce matsalar, tana sauka kan jiƙaƙƙen aiki ta bar masa ƙuraje. Da damina laima takan bar wani maiƙo a saman da ya bushe, wanda sai an wanke shi kafin a ƙara wani falle.

Abin da ya kamata a ƙera

Garkuwar ƙwauri ta 'yan ƙwallo, wadda dokar wasa ta wajabta tun 1990, ita ce mafi dacewa da mai koyo: ana ɗaukar siffar ƙwaurin ɗan wasan, a yi fallaye biyu ko uku, a lulluɓe ciki da soso, a dasashe gefuna. Katakon buga ƙwallon tebur ma yana yiwuwa, sai dai hukumar wasan ta duniya ta ce aƙalla kashi 85 cikin 100 na kaurinsa ya zama icen asali, kuma fallen kabon kada ya wuce milimita 0.35 ko kashi 7.5 na kaurin, duk wanda ya fi ƙanƙanta.

Cokalin gaban keke, kan keke da hular kwano ba aikin gida ba ne. Ƙarfe yakan lanƙwashe ya yi gargaɗi, kabon kuwa tsinkewa yake yi farat ɗaya, kuma fallayensa suna iya rabuwa a ciki ido bai gani ba. Wanda zai wuce ƙananan kaya ya kamata ya nemi inda za a gwada masa ƙarfin samfuri tukuna. Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru tana da sassan injiniyan kanikanci da na roba da masaƙa, kuma akwai cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa a Basawa.

Kariya

Ɗanyen ifoksi yana jawo ƙaiƙayi da borin fata wanda idan ya kama mutum ba ya cika sakinsa, saboda haka safar hannu ta roba wajibi ce. Yanka da gugar kayan a yi su da ruwa, da takunkumi mai tace ƙura da tabarau, nesa da yara da wurin girki. Ƙurar kabon tana ɗaukar lantarki, tana iya ƙona injin guga ko caja idan ta shige ciki. Inda kabon zai haɗu da alminiyom kuma ana raba su da siririn fallen faiba, in ba haka ba alminiyom ɗin zai ci da zarar danshi ya shiga tsakaninsu.