Tarawa da Ɗebewa a Rubutun Lambobi na Kimiyya

Rubutun lambobi na kimiyya hanya ce ta taƙaita lamba mai tsawon gaske. Ana rubuta ta gida biyu: jigo, wanda ke farawa daga 1 amma bai kai 10 ba, sai goma ɗauke da ƙaramar lamba a kanta, mai nuna sau nawa aka ninka goman. Misali, 45,000 ita ce 4.5 × 10⁴. Salon ɗora ƙaramar lamba a sama ya bazu ne bayan René Descartes na Faransa ya yi amfani da shi a 1637.

Sharaɗin tarawa da ɗebewa ɗaya ne: sai lambobin saman sun zo daidai. Buhu uku da mudu biyar ba su zama takwas ba, dole a mayar da su ma'auni guda tukuna. Idan sun daidaita, jigo kawai ake taɓawa: 8.2 × 10³ a tara da 4.5 × 10³ ya ba da 12.7 × 10³. Tunda jigon ya haura goma, sai a gyara shi ya koma 1.27 × 10⁴.

Aikin yana wurin da lambobin saman suka bambanta. Nauyin duniya kusan kilo 5.97 × 10²⁴ ne, na wata kuwa 7.35 × 10²². Sai a ja ɗigon da ke cikin 7.35 baya gida biyu don lambobin saman su daidaita, lambar ta zama 0.0735 × 10²⁴. Jimilla 6.0435 × 10²⁴, wadda ake taƙaitawa zuwa 6.04 × 10²⁴, domin amsa ba ta fin awon da aka fara da shi inganci. Wata dai, duk girmansa a ido, ɗan abin da ya ƙara bai taka kara ya karya ba. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne tara lambobin saman, alhali wannan dokar ninkawa ce.

Ɗebewa na da nata tarkon. A cire 5.09 × 10⁶ daga 5.13 × 10⁶, saura 0.04 × 10⁶, wato 4 × 10⁴. An shiga da alƙaluma uku amintattu, an fito da ɗaya, abin da masu lissafi da kwamfuta ke kaffa-kaffa da shi. A kula kuma da lambar sama mai alamar ragi: 10⁻³ ta fi 10⁻⁵ girma sau ɗari. Na'urar lissafi kan nuna 6.04 × 10²⁴ a matsayin 6.04E24.